Motar Batirin Yayana da Idon Inna

Akwai abubuwa da yawa da suka faru da ni na manta, har da waɗanda a lokacin na ɗauka ba za su taɓa fita raina ba. Amma ranar Larabar da muka je ɗauko Inna daga ƙauye a cikin motar yayana mai aiki da batiri, wannan kam da ita za a binne ni. Shekaru sun ɗan ja, an yi dariyar abin an gama a gidanmu, amma ni har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ni malamar makaranta ce a nan Tawa. Mu biyu ne muka rayu cikin ƴaƴan Inna, ni da yayana. Ita Inna tana can ƙauyenmu, gaba da Tebaram kaɗan, kuma ko kwana uku ba ta iya yi a birni sai ta fara cewa a maida ta. Yanar ido ce ta rufe mata idanu biyu a hankali, har ta kai shekara uku tana lalube. Matar da ta yi suna wajen saƙar tabarma ta koma sai an riƙe mata hannu zuwa bayan ɗaki. Duk shekarun nan ina roƙonta ta yarda a yi mata aiki, tana cewa ita ba a sa mata wuƙa a ido. Sai da wata maƙwabciyarta, sa'arta, ta je aka yi mata, ta dawo tana zura zare a allura a gabanta, sannan Inna ta aiko mini da saƙo ran Litinin cewa ta yarda.

An yi sa'a a makon nan akwai likitocin ido da suka zo Tawa na ƴan kwanaki. Wata ƙawata ma'aikaciyar jinya da ke taya su aiki ta gaya mini ƙarara: ran Laraba ƙarfe biyar na yamma za a rufe ɗaukar suna da duba marasa lafiya, ran Alhamis a yi aikin ƙarshe, su tattara su tafi. Ran Talata da safe na je tasha na shirya da wani direba da na sani, mai tsohuwar motar daji wadda ta san hanyar nan kamar tsakar gidanta. Da na tsaya a nan, da ba ni da labarin da zan ba ku.

Da yamma na biya gidan yayana in gaya masa. Shi ɗan kasuwa ne, ya yi kusan shekara ashirin a Abijan, ya dawo gida da wannan mota wata biyu kafin nan. Fara ce, ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, ba ta ƙara. A gida yake jona ta da kuran, wato wutar lantarki, ta kwana tana sha kamar wayar salula. A cikin gari kuwa ta zama abin kallo, ƴan kabu-kabu har bin ta suke yi a baya su ji ko gaskiya ne ba ta da inji. Da ya ji na ce motar haya, sai ya aje kofin shayinsa.

"Inna ta shiga motar haya ina da mota a ƙofar gida? Mi kike so mutane su ce?"

Na ce, "Yaya, hanyar ba gudron ba ce duka, akwai inda ba kwalta. In wutar ta ƙare fa?"

Ya kama hannun rigata ya kai ni wajen motar, ya taɓa wani gilashi mai haske da ke gaban direba. Lamba ta fito, ɗari uku da ashirin. Ya ce wannan kilomita ne da za ta iya yi kafin ta nemi wuta, zuwa da dawowa kuma ɗari biyu da ƴan kai ne. "Dibi da idonki, ke da kike koya ma yara lissafi. Har da saura."

Ina da tambayoyi uku a bakina. Na haɗiye su duka, don yayana ne, ya girme ni da shekara tara, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba. Na kira direban nan na ba shi haƙuri. Wannan kiran shi ne wautar da ta fi kowace girma a ranar, kuma tawa ce.

Mun fita bayan sallar asuba. Zan faɗi gaskiya, farkon tafiyar da daɗi. Bazara ce, amma a ciki sanyin kilim, na'urar sanyaya mota, har sai da na ja mayafi. Motar tana sulalewa shiru, awaki na kwance a tsakiyar hanya ba su san mun iso ba sai ya danna musu oda. Yayana yana ta bayani, hannu ɗaya a sitiyari, yadda nan da ƴan shekaru kowa zai bar mai. Da muka sauka daga gudron muka hau jar hanya mai gargada, daga nan kuma muka faɗa rairayi, sai na lura lambar nan tana sauka fiye da yadda hanya ke raguwa. Mu yi kilomita biyar, ita ta cinye takwas. Na nuna masa. Ya ce lissafi take sakewa, za ta daidaita. Na sake nuna masa bayan mun wuce Tebaram. Sai ya cire hularsa ya rataya a kan gilashin, ya rufe lambar.

Mun isa ƙauye wajen ƙarfe goma. Na yi zaton Inna za mu ɗauka mu juyo. Ina! Gari duka ya fito. Maigari ya ce bai taɓa ganin motar da ba ta tari ba, yayana ya ce ai sai ya shiga ya ji. Aka zagaya da maigari har bakin tafki aka dawo, kilim na aiki. Liman ya iso a makare, shi ma aka zagaya da shi. Ina tsaye a ƙofar gida da ƙullin kayan Inna a hannu, ina kallon wutar da za ta kai mu Tawa tana tafiya yawon gari. Ƙauyenmu kuwa ba shi da kuran, sai ƴan farantan hasken rana da ake sa wa salula wuta, waɗanda ko fitilar motar ba za su riƙe ba.

Sai kuma kaya. Kawunmu ya ce ba a zuwa daga birni a koma hannu wofi: buhu uku na hatsi. Wata gwaggo ta kawo damin itace. Daga ƙarshe aka jawo wani rago mai ƙaho, wai na yayana ne da ake yi masa kiwo, tunda ga mota ai sai ya tafi da abinsa. Na ce a bar ragon. Ba wanda ya ko waiwayo. Aka kwantar da kujera ɗaya ta baya, aka ɗaure shi a kan buhuna, kansa daidai kafaɗata. Aka ci abinci, aka yi addu'a mai tsawo. Sai sha biyu da rabi muka tashi.

Da ya ɗauke hular don ya sa, na ga lambar: casa'in da huɗu. Shi ma ya gani, kuma ya san na gani.

Abu na farko da ya yi shi ne kashe kilim. Na kai hannu zan sauke gilashin taga, ya ce a'a, ya karanta a salula cewa iska in ta shigo tana jan mota baya, ta ƙara cin wuta. Ku yi tunanin tsakar rana a bazarar Adar, cikin akwatin ƙarfe a rufe, da rago. Zufa ta jiƙe mini zane har ƙasa. Ragon ya yi abin da raguna ke yi, sau biyu. Inna tana zaune a gaba, ta riƙe carbinta, sai can ta juyo da fuskarta wajena.

"Wai tahiya muke, ko tsaye muke?"

"Tafiya muke, Inna."

"To ni ban ji ba."

Na sauke gilashina ba tare da na nemi izini ba. Bai hana ni ba, kuma a nan na gane lamarin ya fi yadda nake zato.

Bayan mun baro Tebaram da nisa, wani ɗan hoto ya fito a gaban direba, launin ruwan ɗorawa. Na leƙa. Kunkuru ne. Wallahi hoton kunkuru, da ƙafafunsa da ɗan kansa. Wanda ya ƙera motar nan ya san abin da yake nufi, don daga nan ta rage gudu, ko ya taka ba ta ƙarawa. Wani mutum a kan babur ɗauke da buhun gawayi ya wuce mu, ya tsaya gaba ya sha ruwa, muka wuce shi, ya sake wuce mu yana ɗaga hannu. Da jan ciki muka shiga wani ƙauye na bakin hanya, kafin a kai Bambeye, ta gangara gindin wata bishiyar bedi ta tsaya. Ko shessheƙa ba ta yi ba. Ƙarfe biyu da rabi ta wuce, kuma tsakaninmu da Tawa akwai sama da kilomita arba'in.

Allah ya sa kusa da bishiyar akwai rumfar wani mai walda, dattijo mai ƙonannun yatsu, yana da injin wuta, wanda mu nan muke ce wa gurup. Ya shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwa, matarsa ta kawo ruwan randa. Yayana ya fito da igiyar motar, aka tada gurup, aka jona. Wata ƴar fitila a jikin igiyar ta kama ƙiftawa ja. Aka cire aka maida. Ja. Aka canja rami. Ja. Yayana ya hau kan wani tudun jar ƙasa yana neman layi, yana kiran wanda ya sayar masa da motar a can bakin teku, yana ta ihu da Faransanci, maganar na yankewa. Ni kuwa ina duba agogo kamar zan cinye shi.

Mai waldan ya tsuguna ya daɗe yana kallon igiyar. Ashe ya taɓa aikin gini a Aljeriya tare da masu haɗa wuta. Ya ce, "Alhaji, sauko. Wagga aba ƙasa take so." Ya ɗauko wani guntun ƙarfen gini mai tsawon hannu biyu, ya buga shi cikin ƙasa da guduma, ya ɗaura waya daga jikin gurup zuwa ƙarfen, ya tuttula masa ruwa buta biyu. Aka sake jonawa. Fitilar ta koma kore.

Mutanen da suka taru suka yi kabbara. Yayana ya rungume mai walda. Ni ma har na fara murmushi, sai na leƙa cikin motar na ga abin da gilashin ya rubuta. Kafin ta cika, awa ashirin da shida. Na zauna na yi lissafin da ya ce in yi tun jiya: kowace awa za ta ba mu kamar kilomita goma. Ko da ba mu jira komai ba sai abin da zai kai mu ƙofar asibiti, sai bayan magariba za mu tashi. Lokacin ƙarfe uku da kwata.

Ban kai ga buɗe baki ba, Inna ta kira ni daga kan tabarma. Ta ji komai, don kunnenta ya maye mata gurbin ido.

"Ɗiyata, zo ki ji. Wanga abu ishara ce. Allah ne ya tsai da mu. In wuta ta samu ku maida ni gida. Idon nan na saba da shi haka."

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Shekara uku ina lallashi, ina aika mutane, ina kuka a ɓoye. Na san Inna: in ta koma ƙauye a kan wannan magana, ko likitocin duniya za su taru a ƙofar ɗakinta ba za ta sake fitowa ba. Na ce mata ina zuwa. Na je na tsaya gaban yayana na ce ina son magana da shi a bayan rumfa.

Tunda aka haife ni ban taɓa ɗaga masa murya ba. A ranar na ɗaga. Na ce masa ya fita bakin hanya ya tare duk abin da ke da ƙafa huɗu yana shan mai, ko na awaki ne, in tafi da Inna.

Ya ce, "Ki yi haƙuri awa ɗaya. In muka sauke hatsin da ragon, ta yi sauƙi..."

"Awa ɗaya kilomita goma ce, Yaya!"

"To uwata a motar awaki? In shiga Tawa a ce na bar uwata a motar awaki, kowa na ganinta?"

Na ce, "Kai kake tsoron a gan ta. Ita shekara uku ke nan ba ta ga kowa ba."

Muka tsaya haka, gurup na ta ruri a tsakaninmu. Na ɗauka zai ce mini marar kunya, kuma na shirya ji. Sai ya juya ya nufi bakin hanya da babbar rigarsa da ta jiƙe sharkaf, ya tsaya cikin rana.

Motoci biyu suka wuce a cike. Ta uku wata tsohuwar a-kori-kura ce, bayanta awaki da fatu da mutane, tana tafe a karkace kamar za ta kwanta. Yayana ya shiga tsakiyar hanya ya ɗaga hannu biyu. Da direban ya ji batun ido ne da ƙarfe biyar, ya ce zai ɗauke mu. Wani dattijon Buzu da ke zaune a gaba ya sauko da kansa, ya gyara rawaninsa, ya hau baya cikin awaki ya bar mana wurin.

Saura Inna. Ta ce ba inda za ta. A nan yayana ya yi abin da ya sa na yafe masa rabin laifinsa. Ya durƙusa a bakin tabarmar, gaban duk mutanen nan da ɗazu yake yi wa bayanin motarsa, ya kama ƙafarta.

"Inna, ba ishara ba ce. Wautata ce. Yarinyar nan ta gaya mini tun jiya, na ƙi ji. Na yi yawo da wutar a gari don a yaba ni. Kada ki ɗora ma Allah abin da ni na yi. Ki tashi ki bi ta."

"In bar ka a daji?"

Mai walda ya ce, "Hajiya, nan ba daji ba ne, gidana ne. Baƙona ne shi har motarsa ta ƙoshi."

Ta ja carbinta. Sannan ta miƙa mini hannu.

Motar nan ba abin da ba ya ƙara a jikinta. Ƙofar da igiya aka ɗaure ta. Zafin inji yana dukan ƙafafunmu, warin mai yana shiga hanci. Da direba ya tada ta ta yi wata girgiza, Inna ta gyara zama ta ce, "Yawwa. Yanzu na ji mota." Na rasa dariya zan yi ko kuka. Sau biyu ya tsaya yana zuba mata ruwa, sau ɗaya ya tsaya sauke wata mata da akuyarta, kowace tsayawa ina jin kamar in sauka in tura. Da layi ya samu na kira ƙawata ma'aikaciyar jinya, ta ce in yi ta addu'a, ita za ta yi abin da za ta iya.

Biyar da minti ashirin muka tsaya a ƙofar asibiti. Direban bai wuce kasuwa ya sauke mu can ba, har ƙofa ya kawo mu, awaki na kuka a baya. An riga an tattara kujerun tsakar gida. Na ja Inna muna sauri irin na mai jan makauniya, wanda ba sauri ba ne. Muka tarar da ƙawata a tsaye bakin ɗakin dubawa, ta riƙe ƙofa, likita na ciki yana wanke hannu zai fita. Ta ce masa ga tsohuwar da ta ce tana hanya. Ya dube mu, ya dubi gashin akuya da ke manne a zanena, ya goge hannunsa ya ce a zaunar da ita.

Ran Alhamis da safe aka yi mata aikin idon dama. Na hagun sai da wata shekara ta zagayo. Yayana ya iso da azahar ɗin ranar, a hankali, tagogi duka a buɗe. Hatsin ya bar wa mai walda buhu ɗaya, ragon kuwa ya cinye gefen kujerar baya. Ya zo ya zauna kusa da ni a kan benci, muka gaisa kamar ba abin da ya faru, ban tada maganar ba, shi ma bai tada ba.

Ran Juma'a aka cire mata auduga. Muna tsaye mu biyu a gabanta. Ta ƙifta, ta ƙifta, hawaye na zuba daga idon. Ta dubi yayana ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana yaro. Sannan ta juyo kaina, ta daɗe tana kallo, har na fara shirin jin wata magana mai daɗi.

Ta ce, "Ke ce? Yaushe kika yi furfura haka?"

Na ce, "Shekaranjiya, Inna."

Motar tana nan har yau, tana kai yaransa makaranta, tana zuwa kasuwa, ni ma ina shiga in ya rage mini hanya. Ban taɓa cewa laifinta ba ne. Ta faɗi gaskiyarta a gilashi tun da safe, mu ne muka rufe ta da hula. Abin da ranar ta koya mini biyu ne. Ranar da ba za a iya maimaitawa ba, ba a gwajin sabon abu a cikinta, komai kyansa. Na biyun ya fi yi mini nauyi: na ɗauka shirun da na yi ran Talata ladabi ne, ashe tsoro ne, kuma da idon mahaifiyata na kusa biyansa. Maganar da na faɗa da ihu a bayan rumfar mai walda, da na faɗe ta a hankali a ƙofar gidan yayana, da ta isa. Tun daga lokacin, in na ga abu zai cuci wani nawa, ina faɗa tun ba a tashi ba, cikin girmamawa, ko da wanda zan gaya wa ya girme ni da shekara tara.